Yadda Na Kai Surukina Lesoto Na Dawo Ni Kaɗai

Tun da na dawo, ba na zama a bencin mai shayi na bakin titin Kankiya ba tare da wani ya jefo mini tambayar ba. Sai an gama ta'aziyya, sannan wani ya gyara murya ya ce, "To Kabiru, wai ya ƙasar take ne?" Wani labarin ƙanƙara yake so, wani na abinci, Sani mai faci kuwa tambayarsa kullum ɗaya ce, ko ana samun aiki a can. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma duk sanda na kai tsakiya sai in katse, in ce sai an jima. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya taimake ni, kada ya sake tambayata.

Lesoto ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ta ko'ina, kuma duk duwatsu ce. Ni ma ban san da ita ba sai da Nura ya sami aikin koyarwa a can. Nura ɗan ƙanen surukina Malam Isiyaku ne, na Boko a ƙasar Kusada. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Malam ya riƙe shi tare da matata Binta, wadda ita ce 'yarsa ta fari. Nura ya ga yarinya a can, ma'aikaciyar asibiti, ta musulunta, ya ce aure. Iyayenta ba su ƙi ba, amma sun ce ba sa ba da 'ya ga mutumin da ba su ga babbansa ba. Waya ba ta yi musu ba, ido da ido suke so. Da labarin ya iso Boko, Malam ya ce ko bangon duniya ne zai je, ba za a ɗauki ɗan ƙanensa tsintacce ba yana raye. Aka duba wanda zai raka shi. Ni ne mai fasfo tun zuwana Makka, ni ne kuma mai ɗan Turancin da nake karanta buhunan taki da kwalaben feshi da shi a shagona, sai abin ya faɗo kaina.

Duk wanda ya san ni ya san yadda nake da Malam. Shekara goma sha wani abu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na je Boko, takalmina a ƙofar zaure yake tsayawa, in durƙusa daga nesa in gaishe shi ina kallon ƙasa. Shi ma bai taɓa kama sunana ba. "Mutan Kankiya" yake ce mini, sai ka ce mu goma ne. Ina alfahari da wannan, har gori nake yi wa yaran yanzu masu zama suna kallon ƙwallo da surukansu.

Shirinmu shirin mutanen da ba su san inda za su ba ne. Nura ya faɗa mana a waya cewa lokacin sanyinsu ne, ya ce mu bari ya wuce. Malam ya ce biza ba ta jira, kuma mutane sun sa rana. Ni har dariya na yi. Watan Yuli ne, gero ya kai gwiwa, muna gumi a inuwa. Na ce wa Nura mu Katsinawa ne, mun san sanyi. Na jefa suwaita biyu da hular sanyi a jaka, na ga na gama. Ejan da ya yi mana takardu ya ambaci inshorar tafiya, na ce a bar ta, Allah ne inshora. Bai zo wa kowa a rai ba cewa tsoho mai hawan jini ya kamata likita ya duba shi, a kuma gaya wa likitan cewa dutse zai hau. Inna, matar Malam, ta cika mana jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu.

Ranar tafiya Binta ta biyo ni har ƙofar gida da ledar magungunan babanta. Ta ce, "Don Allah ka sa ido a kansa. Malam ba shi faɗin ciwo. Ko mutuwa za ya yi, lahiya lau za ya ce maka."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ledar kuwa tun a filin jirgin Kano na miƙa masa da hannu biyu, don ban ga yadda zan riƙa bin surukina ina tambayarsa ko ya sha magani ba.

A jirgi aka ba mu kujeru manne da juna, kafaɗa da kafaɗa. Muka zauna kowa ya sandare. Da na ga an fara turo keken abinci, na roƙi wani Bayarabe da ke bayanmu muka yi musaya, don Malam ya samu ya ci, ni ma in ci. Mutumin ya ɗauka faɗa muka yi, har yana ba ni haƙuri.

A Johanasbag kare ne ya fara tarbarmu. Karen jami'an kwastan ya zo ya dafa jakar Malam ya ƙi tafiya. Malam ya ja da baya yana a'uziyya, jami'in ya buɗe jakar ya zaro kilishin Inna ya ce ba a shiga da nama. Na yi magiya, na ce busasshe ne, na ce tsoho ne, bai ko ɗago kai ba. Ya jefa shi cikin wani babban kwandon shara, Malam ya bi shi da ido. Muna fita waje iska ta mare mu, na ji haƙorana suna haɗuwa. Nan na fara jin kunyar dariyar da na yi wa Nura.

A tashar motocin Lesoto muka gamu da wani Bahaushen Gana mai sayar da gwanjo. Ya ji muna Hausa ya taso da murna. Da ya ji inda za mu, ya dubi babbar rigar Malam ya dubi silifas ɗina, ya ce, "Da wannan kaya? Can sama ba wasa ba ne, Alhaji. Ruwa na daskare cikin famfo." Na sayi manyan kwat biyu da safa da takalma a wurinsa. Na sa nawa nan take. Malam ya karɓi nasa ya yi godiya, ya ninke ya sa a jaka. Ya ce, yana kallon gefe, ba zai je neman aure da shigar maigadi ba.

Motarsu irin bas ɗinmu ce ta Kano zuwa Katsina, sai dai ba a cusa mutane, ba kwandasta kuma. Kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake tafiya har gaba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ba wanda ya ɗaga murya. Na ce a raina da a tashar Kankiya ne da an yi dambe. Muka yi ta tafiya cikin gonaki busassu, ba ganye ko ɗaya, har duwatsun suka fara tasowa a gabanmu da fari a kawunansu.

Iyakar kogi ce da gada. Kowa ya sauka da kayansa, a buga masa fita a wannan gefe, ya taka gadar da ƙafa, a buga masa shiga a wancan. Matar da ke buga hatimi ta dubi fasfunanmu ta ce, "Babanka ne?" Na ce baban matata ne. Ta yi dariya ta ce to me ya sa nake tafiya can bayansa kamar ba tare muke ba. Na yi murmushi kawai, na karɓi fasfunanmu. Muna tsallakawa muka ga maza kowa lulluɓe da bargo, da takalmin roba, wasu sun rufe fuska da hula sai idanu. Ni gabana ya faɗi, na ɗauka 'yan fashi ne. Malam kuwa ya ce ko annoba ake yi a garin. Ashe bargo shi ne babbar rigarsu, da shi suke zuwa biki, da shi suke zuwa kotu. Gaisuwarsu kuma da aka fassara mana, zaman lafiya take nufi. Wannan ya yi wa Malam daɗi, ya ce mutanen da ke sallama ba su rasa alheri.

Garin farko bayan iyaka shi ne Buta-Bute, a gindin duwatsun. A nan Nura ya kamata ya tarbe mu, amma ana jarrabawa a makarantarsa, can bayan duwatsun, sai ya turo mana direba da ya sani, Ntate Tabo. A wurinsu kowane namiji Ntate ne, wato baba, kowace mace kuma Mme. Akwai masallaci a garin, na Musulmi 'yan asalin Indiya da suka daɗe a can. Bayan sallah wani dattijonsu mai shagon yadi ya kai mu gidansa, ya ba mu shinkafa da naman da muka tabbata yankakke ne. Aka sa mana tire ɗaya, na ce na ƙoshi, na fita na ci biredi a bakin shago.

Dattijon ya same ni a waje ya ce, "Tsohon nan naka yana haki tun a nan ƙasa. Ku kwana biyu ko uku jikinsa ya saba. Sama iskar ba ta da kauri, kuma an ce ƙanƙara na zuwa."

Na je na durƙusa na isar da saƙon. Malam ya ce, "Mutane na jiranmu. Baƙon da ya zo roƙo ba shi sa a jira shi. Gobe mu tahi." Da ubana ne da na yi gardama, da na ɓoye takalmansa ma. Na ce to, Allah ya kai mu.

Hawan ba zan iya kwatanta muku shi ba, don yawancinsa idona a rufe yake. Hanyar ta naɗe dutsen kamar igiya, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda ba a ganin ƙasansa. Kunnuwana suka toshe. Malam na gaba kusa da direba, ni ina baya, abin da nake gani kawai ƙeyarsa da carbinsa. Can sama sai ƙanƙara ta fara saukowa fara sol kamar audugar rimi, kafin wani lokaci ba ka bambanta hanya da daji. Muka iske 'yan sanda sun tare gaba. Muka juya, muka iske wata babbar mota ta zame ta gicciye hanyar baya. Ntate Tabo ya yi tsaki da yarensu, ya kai mu wani masaukin direbobi da ke kusa.

Masaukin ɗakuna ne zagayayyu na dutse da rufin ciyawa, kamar namu na ƙauye, sai ɗakin girki babba. Mai wurin wata ƙatuwar mace ce, Mme Palesa, mai murya kamar ta mai tallan kasuwa. Ta ce ɗaki ɗaya ya rage, gado biyu, hita ɗaya ta kananzir mai ɗumama ɗaki, mu shiga. Na ce ba zai yiwu ba, na yi mata bayanin cewa a wurinmu mutum ba ya kwana ɗaki ɗaya da uban matarsa. Ta ce su ma suna da irin wannan, amma mata ne ke yi, matar ɗa ba ta kama sunan uban mijinta. Sannan ta ɗaure fuska ta ce, "Amma ka ji ni da kyau. A nan sama baƙo ba ya kwana shi kaɗai. Dutsen nan yana kama ƙirjin mutum, mai shi ba ya sanin ya yi nisa, na kusa da shi ne ke ji."

Na gaya wa Malam ɗaki ɗaya ne. Ya ce, "To a ba mutan Kankiya, ni sai in zauna wajen wuta." Ka ji fa. Haka dai aka ƙare shi ya shiga ɗakin, ni na shimfiɗa bargo a ɗakin girki tare da direbobi.

Abincinsu tuwon masara ne mai tauri da suke kira papa, da dafaffen ganye a gefe, ba miya. Kullum shi ne, safe da rana da yamma. Naman tunkiya na ƙi ci, don ban san wanda ya yanka ba, giyarsu ta dawa kuma da suka miƙo mini na ce Allah ya kiyaye. Direbobin suka sa mini suna da yarensu, da na tambaya aka ce mai tsoron tsoho. Mutanen kirki ne, wani ya ba ni safar hannu, wani ya koya mini in riƙa shan ruwa ko ba na jin ƙishi. Kaina kuwa kamar ana daka a ciki. Daga ɗakin girki zuwa bayan gida sai na tsaya na huta a hanya.

Kullum da safe nakan je ƙofar Malam in durƙusa cikin ƙanƙara in yi sallama. Ya amsa daga ciki.

"Mutan Kankiya sun tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙarfin jiki? Ya sanyin?"

"Lahiya lau. Ba komi. Ku tahi ku ji ɗumi."

In ajiye kwanon abinci da butar ruwan zafi a bakin ƙofa, in koma. In an jima in dawo in tarar da kwanon a waje, wanke tas. Na ce alhamdu lillahi, yana ci. Ina jin tari ta bayan ƙofar, amma duk wanda ke wurin tari yake yi. Maganar Binta tana dawo mini, sai in miƙa hannu kan ƙofar, sai in tuna ko yana kwance ba hula, ko ya tuɓe riga, sai in janye hannun.

Waya ba ta kamawa sai an hau wani dutse a bayan masaukin. Da na samu Nura, ya ce shi ma hanyar ta rufe shi ta can gefen. Ya tambayi Malam, na ce yana cewa lafiya lau.

Ya ce, "Yaya Kabiru, ka gan shi da idonka?"

Na ce, "Ka san yadda muke."

Ya ce, "Don girman Allah ka shiga. Ka duba leɓensa, ka saurari numfashinsa. Nan ba Boko ba ne."

Na sauko da niyya, wallahi da niyya. Na durƙusa na ce Nura ya ce in shigo in duba shi. Malam ya ce, "Yaron nan da rigima shi ke. Ku ce mishi lahiyata lau." Muryar ta yi ƙasa, amma na ce ko barci na tashe shi. Na koma wajen wuta.

Kashegari bayan azahar Mme Palesa ta shigo ɗakin girki riƙe da butar Malam. Ta juya ta a gabana, ruwan bai zubo ba, ya daskare. Ta ce, "Wannan tun safe take inda ka ajiye ta. Ba kai ka ce tsohon nan ba ya wuce lokacin addu'arsa ba?" Ba ta jira amsata ba. Ta kama hannun kwat ɗina ta ja ni kamar yaro, ta sa kafaɗa ta ture ƙofar.

Yana zaune a kan gado, ya jingina da bango, don kwanciya ta gagare shi. Ya sa kwat ɗin gwanjon a kan babbar rigarsa. Leɓensa ya yi baƙi-baƙi kamar toka, numfashinsa na ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya, hankicin da ke hannunsa duk kumfa ne mai ja-ja. A ƙarƙashin gadon akwai leda cike da tuwon da nake kawowa. Bai ci ko loma ba. Juyewa yake yi ya wanke kwanon, don kada a ce baƙo ya raina abincin mutane. A jikin bango kusa da shi ga sawun tafin hannunsa inda yake taimama.

Ya ɗago ido ya gan ni, ya yi ƙoƙarin gyara hularsa. Ya ce, "Subhanallahi. Ku yi haƙuri, kun iske ɗakin ba kintsi."

Ban san lokacin da na haye gadon na rungume shi ba. Jikinsa ba nauyi, kamar na yaro. Mme Palesa ta fita tana ƙwala wa direbobi kira. Ta ce maganin wannan ɗaya ne, a sauka da shi ƙasa, yanzu, ba gobe ba. Allah ya sa katafila ta fara buɗe hanyar baya tun da hantsi. Mutanen nan da nake ƙyamar abincinsu, su suka cire bargunan jikinsu suka naɗe shi, suka ɗauke shi su huɗu har mota. Ntate Tabo ya ɗaura sarƙa a tayoyi ya bi bayan katafilar a hankali.

Na zauna a baya, Malam a jikina, kansa a ƙirjina. Ina jin kowane numfashi yadda yake fita da ƙyar. Ina ta karanta abin da ya zo bakina. Can da muka yi nisa ya buɗe ido ya ce, "Kabiru."

Na ce, "Na'am, Malam."

Ya ce, "Ka tsaya ma yaron nan. Kada a ce ba mu zo ba."

A asibitin Buta-Bute suka sa masa iskar oksijin nan da nan. Likitan, wani saurayi mai natsuwa, ya ja ni gefe ya ce ruwa ne ya taru a huhunsa saboda tsawon dutsen, ga sanyi, ga zuciya ta tsufa. Ya fara yi mini tambayoyi. Yaushe tarin ya soma? Yaushe ya daina iya kwanciya? Yana shan maganinsa? Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe? Ko ɗaya ban sani ba. Ya dube ni ya ce, "Ba tare kuka zo ba?" Na ce tare muka zo. Ya juya ya koma ciki. Malam ya kwana, da safe ya cika, hannunsa cikin nawa.

Kawo gawa gida daga can, ga wanda ba shi da inshora kuma ba shi da kowa, magana ce ta makonni da takardu. Na kira Boko, manya suka ce a rufe shi inda Allah ya karɓi abinsa. Dattijon nan mai shagon yadi shi ya ba da likkafani, bai ko tuna mini da shawarar da ya ba mu ba. Nura ya iso da hanya ta buɗe, ya faɗi a ƙofar masallaci yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni da shi muka yi wa Malam wanka. Ƙasar makabartar ta daskare, sai da aka sa diga.

Muna cikin rufewa na hangi mutane sun tsaya a bakin shinge, maza da mata, cikin bargunansu masu kyau na biki. Dangin yarinyar ne, sun biyo Nura. Ba su shigo ba, sun cire huluna sun tsaya har muka gama. Uban yarinyar ya matso, Nura na fassara mini. Ya ce sun nemi su ga babban Nura, sun gan shi. Ya ce mutumin da aka taso daga wata duniya aka mutu a hanya saboda shi, ba a tambayarsa dangi. Ni na tsaya a matsayin Malam aka yi maganar auren bayan kwanaki, a ɗakin dattijon. Ban ji daɗin komai a ciki ba, amma na tsaya.

To, ga ƙasar da kuke tambaya. Sani, akwai aiki ko babu, ban duba ba. Abin da zan ce wa duk mai niyyar zuwa irin wannan ƙasa, ya tambayi wane lokaci ne a can, kada ya auna da na gidansu. Ya ga likita kafin ya tashi, ya gaya masa dutse zai hau. Ya yi inshorar nan da na raina. In 'yan gari sun ce a kwana a ƙasa jiki ya saba, a kwana, ko waye ke jira. Wanda ya fara haki yana zaune, ko ya kasa kwanciya, a sauko da shi, kada a tsaya jin ta bakinsa. Kuma duk wanda za ka raka, ya zama wanda za ka iya tura ƙofarsa. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba tun a gida, a nemi wani.

Na sauka Kano da jaka biyu. Sannu da hanya kawai Binta ta yi mini, ta karɓi jakar babanta ta shige ɗaki. Kashegari muka tafi Boko. Zauren Malam cike da mutane, ɗalibansa na Islamiyya manya da ƙanana, kowa na son ya ji inda kabarin yake, kamar akwai mai zuwa. Bayan la'asar aka ce Inna na kirana ciki. Tun da na auri 'yarta ban taɓa wuce tsakar gida ba. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofarta, ta ce in shigo. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta juya fuskarta ga bango.

Ta yi mini sannu da wahala, ta yi addu'a. Sannan ta ce, "Alhaji, abu guda ni ka son in ji. Da abin ya zo, wa ke wurinshi?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Kusa da shi?"

"A jikina yake. Hannunsa na cikin nawa."

Ta sauke numfashi mai tsawo, ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Tun ran da kuka tahi ban yi barcin kirki ba. Na san halinshi, na san naka. Tsorona kada ciwo ya kama shi cikin ɗaki shi kaɗai, kai kana bakin ƙohwa kana gaisuwa."

Ta yi ta sa mini albarka, ni da 'ya'yana, har muryarta ta dushe. Ina durƙushe ina cewa amin. Ba ta tambaye ni yaushe na shiga ɗakin ba, ni ma ban faɗa mata ba.